Wace kalma za mu ba "retelling"? Ni dai na tsaya a kan sabon zubi

Jama'a, sallama. Kalma nake nema, kuma akwai wadda na riƙe, amma bari in baje ta a faifai kowa ya sa baki. Kalmar Turancin ita ce retelling. Ita ake liƙa wa littattafan nan na matasa da ake ɗauko tsohuwar tatsuniya, irin ta Sindirela ko ta yarinyar da ta zauna a gidan dodo, a mayar da ita littafin soyayya mai shafi 300 ko 400, ga sihiri, ga sarauta, wani lokaci har da yaƙi. Masu bitar littattafai da Hausa sun gaji da dasa wannan kalma a tsakiyar jimla. Tuni 'yan'uwa da abokan arziki suka kawo nasu shawarwarin, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a raɗa suna a ga abin tukuna. A 2012 wata Ba'amurkiya, Marissa Meyer, ta fitar da Cinder. Yarinyar makanikiya ce, tana da rumfa a kasuwar wani birni da ake kira Sabuwar Beijin, bayan yaƙin duniya na huɗu. Hannunta ɗaya da ƙafarta ɗaya na ƙarfe ne. Matar uban riƙonta ke karɓe duk abin da ta samo, ga kuma 'ya'yan matar su biyu. Ran nan yarima ya ɓad da kama ya zo rumfar da wani mutum-mutumi da ya lalace, yana so ta gyara masa. Duk wanda ya san Sindirela yana karatu yana jiran abu guda: ina takalmin? Daren biki ya zo, ta sheƙa a guje, ta faɗi a matakalar fada. Abin da ya cire ya zauna a wurin ƙafar ƙarfen ce ɗungurungum, tsohuwar da ta yi mata kaɗan, don matar uban ta ƙwace sabuwar.

Daɗin irin wannan littafi ke nan. Marubuciya ta san ka san labarin, kai ma ka san ta sani, sai ku yi ta wasan ɓuya. Kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauki wannan.

An kawo fassara. Ba ita ba ce, ba harshe aka sauya ba. An kawo maimaici, wanda ya fi kusa da ma'anar Turancin kai tsaye, amma idan ka ce wa Bahaushe maimaici ne, abin da zai ji shi ne an sake faɗin abin da ya riga ya ji, sai ya mayar da kuɗinsa aljihu. Kwaikwayo kuwa kunne zai tafi wasan kwaikwayo.

Wani ɗan'uwa ya ce, "Ai muna da ita tuni, wanki." Na yi dariya, don ya taɓo wurin. A bakin 'yan fim, wanki shi ne a ɗauko fim ɗin Indiya a sa masa sunayen Hausa da atamfa a sake shi kasuwa. To amma Yaya, mai wanki ba ya son a gano inda ya ɗauko, ranar da aka gano ranar ake masa gori. Waɗannan kuwa a bangon littafin suke shelanta tushensu, da shi suke talla. Sunan Cinder kansa rabin sunan Sindirela ne da Turanci, kuma bangon farko jan takalmi ne mai tsini, ana hango ƙarfe a cikin ƙafar. Idan muka ce wanki, mun kira su ɓarayi alhali a bainar jama'a suka yi aro.

Malaminmu na jami'a ya ce baddala. Allah ya ƙara ilimi, Malam, kalma ce mai asali kuma tana aiki a kundin digiri, musamman idan littafi ya koma fim ko wasan rediyo. A bar ta can. Yarinyar da ke karatu a waya da daddare ba za ta ce wa ƙawarta "turo min baddalar nan" ba.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce ta wata Hajiya, juyin tatsuniya. Tana da daɗin faɗi, kuma akwai littattafan da ta dace da su cif. Cinderella Is Dead na Kalynn Bayron, 2020, ya fara ne shekara 200 bayan mutuwar Sindirela, labarinta ya zama doka, ana tilasta wa 'yan mata zuwa bikin fada maza su zaɓa. Wannan juyi ne, an kifa tatsuniyar. Sai dai ba duka ke kifawa ba. Beauty na Robin McKinley, 1978, wanda ake lissafawa cikin na gaba-gaba a wannan layi, bai juya komai ba. Uban ya tsinki fure a lambun dodo, 'yarsa ta tafi a madadinsa, ƙarshe yadda aka sani. Abin da McKinley ta yi shi ne ta buɗe labarin ta zauna a ciki: yarinyar tana ganin kanta mummuna ce, laƙabin kyakkyawa nauyi yake yi mata, littattafai da dokinta ne abokan hirarta. Sannan Hajiya, ki tuna zamanin kaset. "A juya min" yana nufin a kwafa min sak. Kalma ɗaya tana nufin kifawa, tana kuma nufin kwafi, za ta rikita mu.

Shi ya sa na ce sabon zubi. Ku je wurin masu zubin tukwane. Gwangwanaye da tsofaffin tukwane da guntayen sanholo ake tarawa a narka, a danna yashi a fitar da siffa, a kwarara. Ƙarfen na jiya ne, tukunyar ta yau ce, kuma ba wanda zai ce an saci tukunyar wani. Kalmar ba baƙuwa ba ce a adabi ma, duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya sha "zubi da tsari". Bahaushe kuma ya daɗe yana cewa abu kaza sabon zubi ne, ba sai an koya masa ba.

Babban dalilina shi ne tatsuniya ba ta da kwafin asali da za a ce daga shi aka kauce. Sindirela mai takalmin gilashi da kabewar da ta zama keken doki ta Charles Perrault ce, Faransa, 1697. 'Yan'uwan nan Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, da suka fara buga tarinsu a 1812, tasu daban ce: bishiya ce a kan kabarin uwar ke ba yarinyar sutura, takalmin na zinariya ne, kuma 'ya'yan matar uban ɗaya ta yanke yatsa ɗaya ta yanke diddige don ƙafa ta shiga, sai da tattabaru suka tona jinin. A ƙasar Sin tun ƙarni na 9 an rubuta ta Ye Xian, wadda ƙasusuwan kifi ke biya mata buƙata. Mu ma wa ya girma bai ji 'yar bora da 'yar mowa ba? Wacce ce ta asali a cikinsu? Kowacce zubi ce. Meyer ta zo ta ƙara nata a layi.

Labarin yarinya da dodo ma haka ne. Madam Villeneuve ta rubuta shi dogo a 1740, Madam Beaumont ta datse shi a 1756 don koyar da 'yan mata, kuma gajeren ne duniya ta riƙe. A gajeren, dodo yana tambayarta kowane dare ko za ta aure shi, tana cewa a'a, sai can da ta same shi yana shirin mutuwa ta ce tana son sa. Yaushe son ya shiga? Ta wace ƙofa? Tatsuniya ba ta tsayawa amsa wannan, tsallakewa take yi ta kai ƙurunƙus. Wannan gurbin ne marubutan yanzu ke cikewa da ɗaruruwan shafuka, shi ya sa kusan duk sabon zubi soyayya yake komawa. Wasu sun cike shi da hikima. Wasu kuwa, gaskiya, sun mayar da tsare mace a gida abin sha'awa, dodon yana daka tsawa ana ce mana so ne. Wannan hira ce ta wata rana.

Kuma aikin ba baƙo ba ne a wurinmu, sunan ne kawai ba mu tsayar ba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da ya fito tsakanin 1937 da 1939, da yawan labaransa daga Dare Dubu da Ɗaya da tarin Grimm da wasu littattafai aka ɗauko su. Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin baƙo ta haɗa shi gudu da mijinta, a tarin Grimm wata kuku ce mai wayo da maigidanta. Wa ya karanta na Imam ya ji ƙamshin Jamus? Bambancin kawai, masu karatun Imam ba su san tsohon zubin ba, masu karatun Meyer kuwa da saninsa suke shiga.

Mu gwada ta a jimla, don a nan kalma ke rayuwa ko ta mutu. "Littafin nan sabon zubin Sindirela ne." "Ta yi wa Kyakkyawa da Dodo sabon zubi." "Ni ban cika son sabon zubi ba, na fi son labarin da ban san ƙarshensa ba." "Wa zai sake zubin Daskin-da-riɗi?" Duk sun zauna. Jam'i ma ba sai an wahala ba, littattafan sabon zubi.

Wata ƙanwata ta tambaya ko za a haɗe ta da tatsuniya ta zama kalma guda. A'a, a bar ta a sake. The Wrath and the Dawn na Renée Ahdieh, 2015, daga Dare Dubu da Ɗaya ya fito. Shahrzad ce ta kai kanta ga Khalid, matashin halifan Khurasan da ke kashe amarensa da asuba, da niyyar ɗaukar fansar aminiyarta, sai zuciya ta ci amanarta. Mu ba ma kiran Dare Dubu da Ɗaya tatsuniya, hikaya ce. To sai a ce sabon zubin hikaya. Skin of the Sea na Natasha Bowen, 2021, ya narka tatsuniyar yarinyar ruwa, rabinta mutum rabinta kifi, ta marubuci Hans Christian Andersen ta 1837 tare da Mami Wata da allolin Yarabawa, a zamanin da jiragen bayi suka fara zirga-zirga a gaɓar Afirka ta Yamma. Zubi biyu a tukunya ɗaya, kalmar ta ɗauka.

Sauran kalmomin da ke rakiyarta ba sa buƙatar doguwar muhawara. Fairy tale tatsuniya ce, don Allah a daina cewa labarin aljanu. Sunan daga Faransanci ya zo, daga Madam d'Aulnoy a ƙarshen ƙarni na 17, amma yarinya mai jar hula kyarkeci ta gamu da shi, yaran da aka yasar a daji mayya suka tarar, ba aljani ko ɗaya. Soyayyar da ake yi a duniyar sihiri, wadda yanzu suke kira romantasy, ni soyayyar almara nake ce mata, ba a kuma kawo min wadda ta fi ta ba.

Young adult kuwa na matasa ne, sai dai a yi hattara wajen liƙa shi. Turawa suna nufin kamar shekara 12 zuwa 18. A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas, 2015, shi ma daga labarin dodon ya taso, maharbiya ta kashe kyarkeci aka tafi da ita ƙasar aljanu a matsayin diyya. Da farko a sashen matasa ake jera shi, daga baya masu buga shi suka mayar da jerin littattafan sashen manya, kuma duk wanda ya karanta littafi na biyu a jerin ya san dalili. Wanda zai yi bitarsa da Hausa ya rubuta na manya, kada wata uwa ta ga kalmar tatsuniya ta saya wa 'yar aji biyu.

Mai cewa idan ta ji zubi adashi take tunawa, Anti, ai ko a adashin ma kuɗin jiya ne ke zagayowa hannun wata. Jimla za ta raba gardama, ba wanda zai ji "sabon zubin Sindirela" ya tambayi ranar kwasa.

Ƙorafi na ƙarshe daga Baba ne, kuma mai nauyi: littafin 1978 ya kusa shekara 50, ta yaya za a ci gaba da ce masa sabo? Ranka ya daɗe, Sabon Garin Kano ya haura shekara 100, har yau ba a canza masa suna ba, don da tsohon birni ake auna shi. Na McKinley ma da na 1756 ake auna shi. Ni daga bita ta gaba abin da zan rubuta a saman shafi ke nan: soyayyar almara, na matasa, sabon zubin Kyakkyawa da Dodo. Hajiya ta ce ita tana nan a kan juyi ga waɗanda suka kifa labarin, na ce mata na yarda, juyi ya zama reshe a ƙarƙashin sabon zubi.