Function ko Consumer a Java, wai ina bambancin?

sabon_shiga:
Salam 'yan uwa, don Allah ku agaza min. Ina da jerin sunayen ɗalibai, na kira stream sai map, a ciki na sa println, umarnin bugawa a allo, don in ga kowane suna, kompaila ta ƙi sam wai ba ta yarda da void, wato abin da ba ya dawo da komai, a wurin ba. Na ƙara return s a ƙarshe ta yi shiru, na kunna, allo fayau ko suna ɗaya bai fito ba. Tun bayan la'asar nake kan abin nan.

tsohon_hannu:
Wa'alaikumus salam ƙanena. map Function yake karɓa, shi kuwa Function kamar yaron da ka aika kasuwa ne, dole ya dawo maka da kaya a hannu, ka ba shi T (abin da ya shiga) ya miƙo maka R (sakamako) ta hanyar apply. Consumer kuma wanda ka ba shara ya zubar ne, accept ɗinsa void ne, ya yi aikin ya wuce. Bugawa a allo aikin Consumer ne, forEach za ka kira. Tun Java 8 a 2014 aka raba su haka.

mai_gyaran_kod:
Ƙari kan maganar yaya, dalilin da allo ya zauna fayau shi ne stream malalaci ne, map ba ya motsi sai an sa abin da zai rufe layin irin su collect ko forEach. Ni ma ta taɓa cina, na ɓoye ajiyar bayanai cikin map na rufe da count, muna tashi daga Java 8 sai ajiyar ta tsaya cak, ashe daga Java 9 count na iya tsallake map gaba ɗaya in ya san adadin tun daga tushe. Kwana biyu na yi ina zargin database ba laifinta.

tsohon_hannu:
Kuma ka lura da andThen, a Function sakamakon na farko ake miƙa wa na biyu, a Consumer kuwa abu ɗaya ake ba su duka biyun bi da bi. Abin haushi x -> jeri.add(x) zai shiga ko'ina cikin biyun, don add na dawo da boolean, Consumer sai ya yar da shi kawai.

sabon_shiga:
Kai na gode, Allah ya ƙara basira, forEach ya yi aiki. To shi peek fa, na gan shi ma Consumer yake ci?