Mutum nawa za a zuba a jirgi? Musayar waƙa daga Damagaram

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum 'yan fada. Maganar a kan wasan nan ce na kwamfuta, na 'yan fashin teku, Sid Meier's Pirates!, wanda ya fara fitowa a 1987 aka sabunta shi a 2004. Sabon nake bugawa. Tortuga, Port Royal da Havana garuruwan bakin teku ne a cikin wasan, Royal Sloop kuma nau'in jirgin ruwa ne. Duk mai amsa ya amsa da waƙa, kuma ya riƙe amsa-amon "wa".

Sallama gare ku, manya da yara,
Na zo da batun da ke son shawara,
Jirgina na Tortuga yana jira,
Mutum nawa zan zuba kafin fitowa?

Royal Sloop ne, igwa 20 a bakinsa,
Mutum 125 ne iyakar cikinsa,
Iska kaɗan ta ishe shi saurinsa,
In cika shi maƙil, ko in bar ragowa?

A mashayar gari samari sun taru,
Ba kuɗin ɗauka, so suke su ƙaru,
Zuciya na cewa yawa shi ne garu,
Hankali na cewa da abin dubawa.

Kawu na Zango:

Ɗana, matso kusa ka ji labari,
Kakanninmu sun san sirrin ayari,
Madugu in za shi Bilma ɗaukar gishiri,
Bakuna yake ƙirgawa kafin ɗaurawa.

Kowane raƙumi da harawarsa,
Kowane mutum da salkar ruwansa,
Wanda jama'a ta fi ƙarfin guzurinsa,
Tenere ba ta yi masa sassautawa.

Haka tekun nan, ka dubi allonka,
Wata nawa abinci zai riƙe ka?
In ka ninka mutane ka rage kwanakinka,
Yunwa ta shigo, sai bore da watsewa.

Ni rabin jirgi nake cika, ba ƙari,
Su ja igiya, mu wuce da sauri,
Jirgin fatake ba ya son hatsari,
Ya ga tutarmu, sai miƙa wuya da bayarwa.

Sarkin Yaƙin Sabon Gari:

Kawu, a gafarce ni, zan sa baki,
Fatake daban, daban jirgin yaƙi,
Ranar da sojan Sifaniya ya tare ka da yaƙi,
Rabin jirgi ba ya iya tsayawa.

Igwa ba ta ɗura kanta, Kawu,
Hannu ke sa albarushi ya zubu,
In mutane sun yi kaɗan aiki bai yiwu,
Kai ka harba sau ɗaya, shi yana maimaitawa.

Sarki Tanimun da ya ƙera igwa a Birni,
Ya tanadi masu ɗura ta tun a wancan ƙarni,
Ƙarfe shi kaɗai ba ya tsare ni,
Sai da mazaje a bayansa suna turawa.

In jirgi ya haɗu da jirgi aka hau,
Kana takobi da kyaftin, su suna ta kau-kau,
Naka suka ƙare, to ko kai ne ka fi kyau,
Sai ka ajiye takobi, an gama kamawa.

Yaya ta Garin Malam:

Ku biyun duk kun faɗi gaskiya, amma akwai abin da ya fi yunwa saurin kashe tafiya a wasan nan, ba wanda ya taɓo shi.

Ƙanena, bar batun ciki da igwa tukuna,
Dubi fuskar nan da ke gefen allo a zaune,
Murmushinta ko ɗaurewarta ma'auni ne,
Na zinariyar da kowa ke hangowa.

Ba albashi suke ci ba, rabo suke jira,
Kowa na lissafi a ransa yana ƙirga,
Dukiyar jirgi a kan kawunan da aka tara,
Nawa zai samu ranar rabawa?

Ɗauki zinariya 30,000 a misali,
Mutum 60, kowa 500, ga kwanciyar hankali,
Mutum 150, kowa 200, an shiga wani hali,
Dukiya ɗaya ce, fuska ce ke sauyawa.

Kuma wata na bin wata, haƙuri na raguwa,
Abin da ya ishe su bara, bana bai isarwa,
Ka sauka a tasha, wasu su yi ta zamewa,
Wata rana da jirgi guda za su yi ɓacewa.

In ka kama jirgi ka ga kuku a ciki,
Riƙe shi da kyau, yana gyara zaman aiki,
Mai gyaran gangar ajiya na hana abinci ɓaci,
Goge mai tsirkiya uku ma na kwantarwa.

Ɗan Birni:

Yaya, na gode, lissafin ya zauna,
Amma ga abin da ke hana ni sukuni a raina,
Havana nake so, can idona ya tsaya,
Da mutum 60 wa zai iya shigarwa?

Sojan garin na bayan ganuwa da bindiga,
Ga mahaya dawaki suna jiran a shiga,
In na bi ta Kawu, ƙofa ma ba zan ga,
In na bi Sarkin Yaƙi, rabo na ƙanƙancewa.

Kawu na Zango:

To ɗana, ai ba ka ce gari za ka ci ba,
Wannan magana ba irin ta ɗazu ce ba,
Yawon farauta ba ya son taro babba,
Cin gari kuwa sai an yi gayyatowa.

Yi farautarka da kaɗan, ka tara dukiya,
Sai ka bi Port Royal da Tortuga ɗaya-ɗaya,
Ka kwashi mutane ana gobe tafiya,
Kada su daɗe a hannunka suna cinyewa.

Jirage 8 ne iyakar abin da za ka ja,
Kowanne da masu tuƙinsa, kada ka manta,
Mai nauyi a cikinsu shi ke jan ƙafa,
Biyu ko uku sun isa ɗaukowa.

Sarkin Yaƙin Sabon Gari:

A nan na bi Kawu, ba ni da ja,
Sai dai ƙari ɗaya kafin ka fita:
Sa wa jirgi gadajen lilo masu hawa uku,
Rabin adadi yake ƙara maka na ɗaukawa.

In jirginsu ya fi ka mutane a teku,
Harsashin sarƙa ya yaga masa tufafin tuƙi,
Ƙananan harsasai su rage masa mazaje,
Sannan ka matsa kusa don hawa.

Yaya ta Garin Malam:

Havana ta faɗi, kada ka tsaya yawo,
Da taron nan a bayanka rigima za ta dawo,
Sayar da sukari da kayan da ka kwaso,
Da rarar jirage, kafin zaman rabawa.

Amma ka sani rabo na cin watanni,
Kyaftin na tsufa, takobi na nauyi a hannu,
Kada ka riƙa yi kullum don ka ji sanyi,
Sai fuska ta ɗaure, ba ta saki da ƙarawa.

Ɗan Birni:

Na ɗauki 70 yanzu, na bar saura a mashaya,
Zan bi gaɓar Kuba ina tare hanya,
In zinariya ta taru na koma gayya,
Daren Juma'a a fada za a yi karawa.

Kawu, kai ne mai shayi, ka zo da wuri,
Sarkin Yaƙi, kai za ka jera mini dakaru,
Yaya, riƙe lissafi kada rabo ya ɓaci,
In an shiga Havana ke za ki yi ƙirgawa.