Bayan ƙungiyar jami'armu ya ƙi tsayuwa: koci ne ko yaran ne ba su kai ba?

Ɗan Rumde, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu ido a harkar ƙwallo nake so su raba mana gardamar da ta daɗe a majalisarmu ta shayi. Idan bayan ƙungiya ya zama rariya, kowa ya zo sai ya zuba, wa ya kamata a tuhuma, koci ko yaran da ke cikin fili?

Ƙanena ne ke buga lamba biyar a ƙungiyar wata jami'a a arewacin Kamaru. Ba zan kama sunan makarantar ba, don ba tozarta kowa na zo yi ba. Suna shirin wasannin jami'o'i na ƙasa, kuma a duk wasan gwajin da na kalla ban ga wanda aka tashi ragarsu ba ta motsa ba. 'Yan gabansu ba laifi, suna ci. Sai dai su ci biyu a zura musu uku.

Kocin yana son 'yan baya su hau har kusa da layin tsakiya, su riƙa kama abokan hamayya da satar gida. To ƙanena dogo ne, in ƙwallo ta zo ta sama ba ka da haufi a kansa, amma ba shi da gudu, lamba huɗun da ke gefensa ma ya fi shi nauyin ƙafa. Ranar da suka buga da wata ƙungiyar unguwa, wani siririn yaro mai lamba bakwai, da takalmin roba ma yake wasa, ya gano su tun kafin zufa ta karyo. Sai ya laɓe a bayan lamba uku, yana ganin ya hau sai ya ɗaga hannu, a cilla masa ƙwallo ta saman kawunansu. Ƙanena da lamba huɗu su taka gaba, lamba biyu kuma yana can baya da taku uku yana yi wa alƙalin wasa ihun satar gida, alhali shi ne ya halatta wa yaron wucewa. Aka je hutun rabin lokaci aka dawo, tsayuwar tana nan yadda take. A bugun kwana kuma ba mai tsare turken kusa, kowa ido a kan ƙwallo, ba mai duba mutumin da ke shigowa ta bayansa.

Abokaina sun ce yaran ne kawai, ɗalibai ne da karatu ya kawo su, waɗanda suka iya ƙwallo na gaske tun suna ƙanana cibiyoyin horarwa suka kwashe su. Ni zuciyata ta fi karkata ga koci. Amma jinina ne a cikin filin, shi ya sa nake son jin ta bakin wanda ba ruwansa.

Tsohon Gola, Marwa:

Wa alaikumus salam ɗana. Na tsare raga a ƙungiyoyin unguwa har gwiwa ta ce ta gaji, kuma gola ya fi kowa ganin inda baya yake yagewa. Ma'aunina ɗaya ne. Ƙwallon da aka ci ka don wani ya zame, ko ya fi ka gudu, ko ya yi maka yankan da ba ka da maganinsa, wannan ta ɗan wasa ce. Wadda kuwa ake cin ka da ita iri ɗaya, ta ƙofa ɗaya, mako bayan mako, wannan ta koci ce, ko da kuwa ƙafar yaro ce ta yi kuskuren ƙarshe.

Tarkon satar gida ba a filin wasa ake koyonsa ba. Mutum huɗu ne za su zama kamar da igiya aka ɗaure su, kuma murya ɗaya ce ke cewa a hau ko a ja baya. Ka'idar ma ba ta da wuya: in mai riƙe da ƙwallo an matsa masa, kansa a ƙasa, ku hau. In ya samu sarari ya ɗaga kai yana kallon gaba, ku juya ku ja baya tun kafin ya buga. Lamba biyun da ka ce yana makalewa a baya, ba lallai rashin iyawa ba ne, wataƙila ba a taɓa tsayar da wasa a atisaye an nuna masa inda ƙafarsa ya kamata ta kasance ba.

Ka tuna gasar cin kofin Afirka ta 2017 a Gabon. 'Yan wasa da dama sun ƙi amsa kiran kocin Kamaru Hugo Broos, har da Joel Matip da ke Liverpool a lokacin. Aka tafi da Ngadeu da Teikeu a tsakiyar baya, Ondoa a raga, mutanen da kafin gasar ba kowa ke kiran sunansu ba. Wasa shida, ƙwallo uku kacal aka ci Kamaru. Sanagal da su Sadio Mane ba su ga raga ba har minti 120, Gana ma ba ta ci ba, aka doke Masar 2-1 aka ɗauko kofi. Maroko kuma a gasar cin kofin duniya ta 2022, kocinsu Walid Regragui bai fi wata uku da karɓar aiki ba, amma har suka kai wasan kusa da na ƙarshe ƙwallo ɗaya ce ta shiga ragarsu, ita ma Aguerd ne ya ci gida a wasan Kanada. Kocin da ya ga 'yan bayansa ba su da gudu ya kuma ce su tsaya a layin tsakiya, shi ya jawo musu.

Mai Shago, Kusiri:

Baba Gola, a yi mini afuwa, ban yarda da kai duka ba. Maroko ɗin da ka kawo, Hakimi ne a dama, Bono a raga, Amrabat a gabansu. Ba 'yan aji biyu na jami'a ba ne.

A Mali a 2002 Kamaru ta ɗauki kofin Afirka ba a ci ta ko ɗaya ba a cikin wasa. Ana yaba wa Winfried Schäfer, amma wa ya tarar? Rigobert Song da Raymond Kalla, Geremi da Marc-Vivien Foé, Alioum Boukar a raga, mutanen da suka riga suka ci kofin 2000 a hannun wani kocin daban, Pierre Lechantre. Koci ya canja, baya bai canja ba. Sannan a wasan ƙarshe na 2008 a Akara, Song ɗin nan dai ya yi jinkirin fitar da ƙwallo, Zidan na Masar ya ƙwace ya miƙa wa Aboutrika, kofi ya tafi. Me koci Otto Pfister zai yi daga benci? Liverpool ma da Van Dijk ya ji rauni a Oktoban 2020, Gomez da Matip suka bi shi, Klopp yana nan bai je ko'ina ba, amma sai da aka ci su wasa shida a jere a gidansu.

Kocin jami'a ba ya sayen ɗan wasa. Wanda ya ci jarrabawa ya shigo, da shi zai yi aiki. Ya gama gyara yaro, shekara uku ta cika, yaro ya karɓi takardarsa ya tafi. Ga lokacin jarrabawa da rabin ƙungiya ba ta zuwa atisaye, ga zafin Maris da Afrilu, ga yaron da ya fito aji bai sa komai a cikinsa ba. A tausaya wa mutumin nan.

Malamar Motsa Jiki, Ngaundere:

Sannunku. Ina koyar da wasanni a lise, wato makarantar sakandare, kuma abin da na lura duk kun zuba ido a kan mutum huɗun baya. Ɗan Rumde, wanda yake cilla wa lamba bakwai ƙwallon nan, wa ke kansa? In har yana da lokacin da zai tsayar da ita, ya ɗaga kai, ya zaɓi inda zai ajiye ta, to matsalar ta faro tun daga tsakiya. Lamba shida ne garkuwar 'yan baya. In shi ma ya tafi neman ci, ko Song da Kalla ka ajiye a can sai an wuce su.

Malam Mai Shago, gaskiyarka kan wahalar kocin jami'a, ina cikinta. Amma suna kaɗai ba ya tsare gida. A gasar cin kofin duniya a Brazil a 2014 mu Kamaru muna da Nkoulou na Marseille, Matip na Schalke, Alex Song na Barcelona, aka zuba mana tara a wasa uku. Tun kafin a tashi ana rigimar kuɗin alawus, Alex Song ya kai wa Mandžukić gwiwar hannu a baya ya karɓi jan kati, Assou-Ekotto ya kai wa Moukandjo karo da ka a gaban duniya. Nkoulou da Moukandjo ɗin nan suna cikin waɗanda suka ɗaga kofi bayan shekara uku.

Kuma ƙarancin lokacin atisaye hujja ce a kan kocin, ba tasa ba. Wanda yake ganin yaransa sau biyu ko uku a mako ba ya ɗauko tsari mafi wuya. Ya ja layin baya kusa da gola, ya matse tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya, ya ba kowa mutuminsa a kwana, ya sa ɗaya a turken kusa. Dogo marar gudu irin ƙanenka a nan ne yake da amfani, don abin da zai riƙa zuwa masa ta sama ne. Ka tambaye shi abin da suke yi a atisaye, daga farko har ƙarshe.

Ɗan Rumde, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama, na kira shi na tambaya. Ya ce zagaye fili suke yi, sai miƙe jiki, sai a raba su gida biyu a buga har magariba. Ba a taɓa ware su huɗun an yi musu aikinsu daban ba, kwana kuma masu bugawa kawai ake gwadawa, ba masu tarewa ba. Lamba shidansu ma ashe lamba goma yake bugawa a unguwarsu, rashin wani ne ya sa aka dawo da shi nan.

Maganar Mai Shago ma na kai masa, ya ce gaskiya ne, lamba huɗun wasu ranaku daga aji yake wucewa tuƙa babur ɗin haya, a gajiye yake isowa fili. Kocin kuma shi kaɗai ne, ba mataimaki.

Sun yi shawara da kyaftin za su same shi bayan atisaye, ba a gaban sauran yara ba, su roƙi a ba su ko minti ashirin su huɗu da gola da lamba shida. Baba Gola, in ya amince, da wanne ya kamata su fara, tsayuwar layi ko tsaron kwana?