Waɗanda suka ajiye aiki a Ingila suka yi tafiya, ya kuka yi kuka karɓo rarar harajinku?

Maman Amira, Manchesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan yanayin ya taimaka ya faɗa min yadda ya yi. Ni nas ce, na ba da notis zan ajiye aiki ƙarshen Satumba inshaAllah, so nake in yi Umra daga nan in wuce Masar wajen ƙanwata da ke karatu sai kuma Kano in ɗan zauna da Hajiyarmu tunda jikin nata sai a hankali, ban sa ran komawa aiki ba sai bayan Afrilu. Wata abokiyar aikina ce take ce min wai ina da kuɗi a wajen HMRC, wato hukumar harajin Birtaniya, tunda ba zan cika shekarar ina aiki ba, wata ta ce fom ɗin P85 zan cika in karɓo wata kuma ta ce a'a fom ɗin P50 ne, gaskiya kaina ya ɗaure. Ba na son in tafi in bar haƙƙina kuma ba na son in cika abin da zai zame min matsala daga baya.

Bazazzagi, Lids:
Wa alaikumus salam Maman Amira, Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Ƙawarki ta faɗi gaskiya, ni ma na karɓa lokacin da na bar aiki na tafi gida ginin gidana. Kinga shekarar haraji a nan daga 6 ga Afrilu take farawa ta ƙare 5 ga Afrilu, kuma fam 12,570 na farko da mutum ya samu a shekara ba a cire masa haraji a kai, shi ya sa za ki ga lambar haraji 1257L a takardar albashinki. To su ba sa ba ki wannan rangwamen gaba ɗaya, rarraba shi suke yi kashi goma sha biyu, kowane wata wajen fam 1,047, dan suna ɗaukan cewa za ki yi aiki har ƙarshen shekara. Da kin tsaya a tsakiya sai rangwamen sauran watannin ya zama ba ki ci moriyarsa ba, shi ne kuɗin da ake magana.

Bari in yi miki misali da mai ɗaukan fam 2,500 a wata. Daga Afrilu zuwa Satumba ya samu 15,000, an cire masa wajen 290 duk wata, wato kusan 1,743 kenan. Amma in a 15,000 ɗin nan ya tsaya har shekara ta ƙare, abin da ya hau kansa kashi 20 ne na 2,430 da ya haura, wato 486 kacal. Kin ga yana bin su wajen 1,257. Ki ɗauko takardar albashinki ta ƙarshe ki yi naki lissafin da kanki, in albashinki bai shiga layin kashi 40 ba duk watan da ya rage kina da kusan fam 209, sai dai ba za a ba ki fiye da abin da aka cire miki ba tun farko.

Anti Nas, Bamingam:
Ƙanwata ni P50 na cika kuma ina ga shi ne naki. Shi P85 na wanda zai bar ƙasar ne ya koma wani wuri da zama ko zai je ya yi cikakken aiki a waje na aƙalla shekarar haraji guda, ke kuwa ziyara za ki ki dawo, gidanki na nan kayanki na nan. P50 na wanda ya daina aiki ne ya yi sati huɗu ba ya aiki ba ya kuma karɓan tallafin da ake cire wa haraji irin na masu neman aiki. Ni da sati huɗun ya cika ina Madina, a waya na shiga shafin gwamnati na cika bayan sallar isha'i, abin da suka tambaya duk yana jikin P45 ɗina, wato takardar da wajen aiki ke ba mutum in ya bar aiki, akwai ranar da na bar aiki, jimlar abin da aka biya ni da jimlar harajin da aka cire. Shi ya sa nake cewa kowa P45 ɗin nan kar ki hau jirgi ba ki riƙe shi a hannu ba, ki ɗauki hotonsa shafi shafi ki tura wa kanki ta imel, akwai 1A wanda naki ne na ajiya sai 2 da 3 da ake ba sabon wajen aiki ko a tura musu in ta gidan waya za ki yi.

Abu Hafsa, Landan:
Maganar P45 ɗin nan ita ce ta fi ba ni wahala wallahi. Kamfanin da na yi wa aikin gadi sai da na yi ta bin su, yau su ce mai yin albashi ba ta nan gobe su ce sun tura tsohon adireshina, har ranar tafiyata ta zo bai iso ba, ina Katsina ina ta kiran manaja da katina. Daga ƙarshe da na shiga asusuna na haraji a intanet sai na tarar ai duk alƙaluman suna ciki dan doka ta sa duk lokacin da suka biya ka sai sun kai rahoto, da su na yi amfani. Amma duk da haka haƙƙinka ne su ba ka takardar, ba alfarma ba ce, ki fara yi musu maganar tun yanzu a rubuce kar ki bari sai satin ƙarshe.

Sai wani abu da ya same ni, kuɗin hutuna da ban ci ba sai bayan sun rufe P45 suka biya ni, aka saka masa lambar 0T wadda babu rangwame ko kaɗan a cikinta, tun daga fam ɗin farko aka datse. Shi ma ya dawo cikin lissafin ƙarshe amma ki duba ki tabbatar an haɗa da shi.

Maman Amira, Manchesta:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Anti to in na cika P50 ɗin kuma sai Allah ya sa na dawo da wuri, kamar Fabrairu na samu aikin ejansi, ya kenan?

Anti Nas, Bamingam:
To a nan ne ake kula. In kin ce musu ba za ki sake aiki ba a wannan shekarar za su ba ki rangwamen shekarar duka, kin ga in kin dawo kin yi aiki kafin 5 ga Afrilu babu sauran rangwamen da ya rage miki, duk abin da kika samu sai an cire masa haraji, in ba a cire daidai ba kuma su biyo ki bashi daga baya. Ba laifi ba ne amma ki faɗa musu gaskiyar niyyarki a fom ɗin kuma in abu ya canza ki sanar.

Malam Ɗan Borno, Gilasgo:
Ni ban cika komai ba. Na bar aiki a Nuwamba na bi hanya Maroko, Senegal har Kaulaha na kai ziyara sannan na gangara gida, na san ba na cikin matsin kuɗi sai na bar shi kawai. Bayan shekarar harajin ta ƙare suka yi lissafinsu da kansu suka aiko da takardar da ake ce wa P800, yawanci daga watan Yuni suke fara aikowa, na shiga intanet na danna a tura min banki cikin 'yan kwanaki kuɗin suka shigo. To wannan ma hanya ce ga wanda zai iya haƙuri, kuma ita ce ba ta da rikicin in na dawo da wuri ya za a yi. Illarta kawai ke da za ki tsaya a Satumba kusan wata tara kenan kuɗinki na kwance a hannunsu alhali kina kan hanya kina buƙatarsu. Mu na Sikotland lambarmu da S take farawa kuma kason harajinmu ya ɗan bambanta da na Ingila, wanda ke nan kar ya ɗauki lissafin Bazazzagi daidai wa daida, amma rangwamen 12,570 ɗin ɗaya ne.

Uwar Biyu, Kano (da a Lesta nake):
Ni na dawo gida gaba ɗaya ne dan haka P85 na cika, ga abin da nake so duk mai tafiya ya ji da kyau. Kar ki rufe asusun bankinki na can, kar kuma ki bari layin wayarki na can ya mutu. Nawa ceki suka aiko na fam, na sa adireshin yayana a Lesta, da ya iso ya kai banki aka zuba a asusuna shikenan. Wata baiwar Allah da muka dawo kusan lokaci ɗaya ta riga ta rufe nata asusun ta kuma sa adireshin nan Kano, cekin ya daɗe a hanya kafin ya zo, da ya zo ɗin ma ta zaga bankuna babu wanda ya yarda ya karɓa, tana riƙe da takarda mai ɗauke da kuɗin da zai biya wa 'ya'yanta makaranta amma ba ta da yadda za ta yi da ita, ga shi ceki wata shida ne wa'adinsa. Sai da ta rubuta musu wasiƙa ta wakilta wani ɗan uwanta a can aka sake fitar da shi da sunansa, na tausaya mata ƙwarai.

Layin waya kuma dalilinsa duk sanda za ki shiga asusun harajin sai sun turo lambobi ta saƙon tes, in layin ya mutu kina Kano kin shiga uku da kiran ƙasar waje. Ko dai ki riƙa sa masa ɗan kati yana raye ko tun kina can ki canza zuwa manhajar da ke ba da lambobin ba sai da layi ba. Ni sim ɗin yana cikin wata ƙaramar waya a durowa, ba ta da wani aiki sai wannan.

Injiniya, Shafild:
Ƙarin bayani kaɗan, wanda yake cike fom ɗin harajin kansa duk shekara saboda yana haya da gida ko yana sana'ar kansa a gefe kamar tuƙin tasi, shi ba P85 ba ne nasa, a cikin fom ɗin shekarar zai bayyana ya haɗa da shafin SA109 in ya bar ƙasar. Haka na yi. Kuma kuɗin National Insurance, wato inshorar ƙasa da ake cirewa a albashi daban da haraji, ba ya dawowa ta wannan hanyar, shi kowane albashi da lissafinsa, da yawa suna haɗa shi cikin abin da suke sa rai sai ransu ya ɓaci in sun ga kuɗin bai kai ba.

Hajiya Babba, Landan:
'Ya'yana ku yi hattara da masu cewa za su karɓo muku. Ƙanen maigidana wani kamfani ya gani a Facebook ya sa musu hannu, da kuɗin suka fito wajensu aka tura, suka cire kasonsu suka cire wani wai kuɗin aiki suka ƙara da VAT, abin da ya iso hannunsa bai fi rabi da kaɗan ba, a kan fom ɗin da kyauta ne kuma bai fi ka zauna ka cika shi kafin shayinka ya huce ba. Ni na zauna da shi muka yi ta rubuta musu amma ya riga ya sa hannu. Sannan saƙon da ke shigowa waya wai kana da rarar haraji danna nan ka sa lambar katinka, 'yan damfara ne, HMRC ba ta neman bayanan banki ta tes ko imel, ni ma sun sha turo min.

Wanda kuma ya riga ya tafi tuntuni bai nema ba kar ya ce ya wuce, shekara huɗu ake bayarwa daga ƙarshen shekarar harajin. Wadda ta ƙare 5 ga Afrilu 2024 kana da dama har 5 ga Afrilu 2028. Na san mutanenmu da yawa ɗalibai da suka yi aikin hutu suka koma gida suka bar kuɗinsu, ku faɗa musu dan Allah.

Abu Hafsa, Landan:
Maman Amira ban ji kin faɗi irin takardar zamanki ba, wannan ya fi maganar harajin ma muhimmanci. In bizar aiki ce wadda asibiti ya tsaya miki, da kin ajiye aikin za su sanar da Home Office, ma'aikatar da ke kula da biza, kuma yawanci kwana 60 ake rage wa mutum, sannan mai lissafin shekara biyar dan samun zaman dindindin ba a so ya wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata goma sha biyu. Na ga wanda tafiyar wata bakwai ta rushe masa lissafin shekaru.

Maman Amira, Manchesta:
Alhamdulillah ina da ta dindindin ɗin tun bara ɗan uwa, na gode da ka tuna min, na san dai ita ma in mutum ya yi shekara biyu a waje a jere tana faɗuwa.

Anti Nas, Bamingam:
To madalla. Tunda ke nas ce kuma za ki shiga asusun naki dama, ki duba ko kin taɓa neman rangwamen kuɗin rajistar NMC, hukumar rajistar nas-nas, da kike biya duk shekara da na wankin yunifom, da kuɗin ƙungiya in kina ciki. Fom ɗinsa P87 ne, daban yake da wancan, shi ma ana komawa baya shekara huɗu. Ni sai da na haɗa na shekarun gaba ɗaya na nema lokaci guda, ki nemo rasit ɗin biyan NMC ɗin a imel ɗinki ki ajiye su kusa dan yanzu suna neman shaida kafin su biya, kuma ki yi shi tun kina nan kafin hidimar tafiya ta sha kanki.