Ɗalibaina na ɗaukar wasiƙar ƙi a matsayin albishir

Salamu alaikum malamai. Ina koyar da Turanci a SS1. Idan na ba yara wasiƙar da aka hana mutum aiki, da sun hango "thank you" a farko sai su ce albishir ne. Na jera musu kalmomi a allo, irin su "unfortunately" da "regret", suka haddace tsaf. Sai abin ya juye: na kawo "you won't regret it", kusan duk ajin suka ce mummunan saƙo ne. "Not bad" ma ta ɗaure musu kai. Fassarawa da Hausa tana taimakawa, amma ranar WAEC wa zai fassara musu?

Wace dabara zan bi su riƙa kama manufar saƙon gaba ɗayansa, su daina farautar kalma guda?