Ta yaya zanen baƙi da fari yake tsorata mutum haka?

Ɗan_Tawada:
Slm jama'a, don Allah masu ilimin zane ku taimaka min. Zanukan cikin tsofaffin littattafan adabi, irin waɗanda ake sassaƙawa a katako ko farantin jan ƙarfe a shafa tawada a buga, ba kala ba jan jini amma wlh kana kallo tsigar jikinka na tashi. Meye sirrin?

Alƙalami77:
Wslm ɗan uwa. Fara da kayan aikin. A katako duk inda wuƙa ta ci shi ne zai fito fari, inda aka bari ya sha tawada ya fito baƙi, kenan daga duhu mai aikin yake farawa yana tono haske kaɗan kaɗan. Na ƙarfe kuma asid ake sa wa ya ci layin, in ya daɗe a ciki layin ya yi zurfi ya kwashi tawada da yawa. Duba Gustave Doré, mai zane ɗan Faransa, zanensa na 1861 na Inferno, wato waƙar da mawaƙin Italiya Dante ya rubuta kan jahannama, akwai wani a tsaye ya riƙe yankakken kansa ta gashi ya ɗaga shi sama, jikin fari fat baya duhu, dole idonka ya tafi can.

Hajjo_M:
Ni fa Doré bai cika taɓa ni ba, aikin ya yi kyau da yawa har ka manta azaba ake yi, kuma shi zanawa yake wasu ne ke sassaƙa masa. Käthe Kollwitz ta Jamus ita ce gwanar. Ta kalli wasan kwaikwayon marubucin Jamus Hauptmann kan boren masu saƙa a 1893, ta yi zane shida a kai, ba ta nuna sojoji na harbi ba ko sau ɗaya, sai na ƙarshe kawai ka ga gawa biyu kwance kusa da kayan saƙa ana shigo da ta uku, mace na tsaye hannuwa a sake. Kai da kanka za ka cike abin da ya faru, shi ne ciwon. Bayan an kashe ɗanta a yaƙi a 1914 ta koma katako, layin ya yi kauri, fuska ta kusa ɓacewa sai hannaye manya suna rungumar yara.

Alƙalami77:
Hajiya na yarda da rabi. Amma Dante ai shi ya faɗi komai ɓaro-ɓaro, in Doré ya ɓoye ya ci amanar rubutun.

Ɗan_Tawada:
Na gode ƙwarai. To wanne ya fi sauƙi ga mai koyo, katako ko ƙarfe? Asid ɗin nan tsoro yake ban.