Neman shawara: da hadari ya haɗo sai gabana ya dinga faɗuwa

Slm 'yan uwa, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni manomin shinkafa ne a yankin Auyo. Tun ambaliyar 2022 da Kogin Haɗejia ya cinye mana gonaki ban ƙara samun natsuwa ba, da na ga hadari sai zuciyata ta kama dukan uku-uku, da daddare kuma ido biyu ina ta lissafin bashin taki da abin da yara za su ci. Ina azkar, na sha rubutu, yakan lafa amma ya dawo. Wani ya ce in sayi ƙwayar barci a kemis. Ni dai so nake ya fita daga jikina gaba ɗaya.

Ma'aikaciyar lafiya: Wslm Malam, sannu. Dan girman Allah kar ka taɓa ƙwayar nan sai likita ya rubuta, irin su diazepam jiki na sabawa da su, ranar da babu sai abin ya fi da tsanani. Kuma gsky fargaba ba ta fita gaba ɗaya, haka Allah Ya halicce mu, in jiki ya ji barazana yana sakin sinadarin adrenalin shi ne bugun zuciyar da zufar, kuma da kansa yake sauka in ba ka tsaya kokawa da shi ba. In ya taso ka zauna, ja numfashi ta hanci ka ƙirga 4, ka sake shi a hankali ka ƙirga 6, ka yi ta maimaitawa. Goro da shayi kuma a haƙura da su daga la'asar, suna ƙara bugun kuma suna korar barci. Ba kai kaɗai ba ne wlh, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 a duniya ke fama da larurar fargaba.

Wani dattijo: Ɗana, Manzon Allah (SAW) da kansa yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, to kar wani ya ce maka raunin imani ne. Shi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Tsoron nan ka sa shi aiki, ku fita gyaran jinga da buhunan ƙasa tun ruwa bai yi nisa ba, ka dinga jin hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, a rediyo, ka bar wani abu na jarinka don noman rani.

Manomi daga Ringim: Yayana mu ma ruwan ya taɓa mu. Abin da ya taimake ni na ware wa lissafin lokacinsa, bayan la'asar in zauna da takarda in rubuta bashi da abin da zan iya yi gobe, in tunanin ya zo cikin dare sai in ce masa sai la'asar. Har yanzu yana zuwa fa amma ina samun barci. Ka kuma gaya wa uwargida, riƙe shi a ciki ke cin mutum.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Hajiya to yaushe ya kamata in je asibiti?

Ma'aikaciyar lafiya: Ka fara zuwa asibitin kusa a auna hawan jini, a duba ƙarancin jini da maƙoƙo, su ma suna kawo bugun zuciya. In ya shafe makonni yana hana ka barci da zuwa gona, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Kazaure da Dawanau, zuwa can ba hauka ba ne. In kuwa ka ji ciwon ƙirji ko tunanin cutar da kanka, a ranar za ka tafi.